Wanda ya fara ba da amsa: rayuwar aikin Cameron Anderson

Shaida zan bayar a kan rayuwar aikin wani malamin jami'a, Cameron Anderson na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Duk wanda ya karanci halayyar mutane a wuraren aiki ya ci karo da sunansa, domin sama da shekara 20 ke nan yana bin tambaya guda bai sake ta ba: idan mutane suka taru kan aiki ɗaya, wa ke zama mai faɗa a ji a cikinsu, kuma shin shi ne ya fi su sanin aikin? A baki tambayar ba ta da wuya. Auna ta ne jan aiki, kuma abin da ya sa nake ganin girman mutumin nan shi ne yadda ya riƙa aunawa daki-daki, har a lokutan da sakamakon ya fito da abin da ba mai son ji.

Ya yi digirin farko a Jami'ar Washington, sannan ya kammala digirin digirgir a fannin ilimin halayyar ɗan Adam a Berkeley a 2001. A can ya zauna gaban malamai biyu da hannunsu ya fito a duk aikinsa: Dacher Keltner, masanin motsin rai da iko, da Oliver John, wanda ya yi suna wajen auna ɗabi'un mutum. Daga nan ya wuce makarantar kasuwanci ta Kellogg a Jami'ar Northwestern, ya koyar a makarantar Stern ta Jami'ar New York, a 2005 kuma ya dawo Berkeley, makarantar kasuwanci ta Haas, inda yake koyar da darasin iko da siyasar wurin aiki. Zama a makarantar kasuwanci ya yi wa bincikensa rana. Ɗaliban can manya ne da suka taɓa aiki, ana raba su rukuni-rukuni su yi zangon karatu guda suna aiki tare, makin kowa yana rataye da na ɗan'uwansa, kuma bayan sun gama ana iya bin sawunsu shekaru. Mai binciken girma da iko ba abin da yake nema irin wannan.

Kafin a auna komai sai an raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Iko shi ne ka riƙe abin da wasu ke buƙata: albashi, ƙarin girma, sa hannu a takardar biyan kuɗi, makullin sito. Girma kuwa yana cikin idon mutane, shi ne yadda suke mutunta ka da jin maganarka don ra'ayin kansu. Akawun da fayil ba ya wucewa sai da hatiminsa yana da iko ko da ba mai ganin mutuncinsa. Tsohon makanikin da kowa ke kira idan injin ya ƙi tashi yana da girma ko da ba ya iya korar kowa. Tunda girma mutane ke bayarwa, to ba a tambayar mutum nawa yake da shi, abokan zamansa ake tambaya.

Da wannan ya fara. A binciken da ya fito a 2001, shi da John da Keltner da Ann Kring sun shiga wurare uku da ɗalibai ke zaune tare: ƙungiyar maza, ƙungiyar mata, da ɗakin kwanan ɗalibai mai maza da mata, wanda suka auna sau uku a shekarar karatu guda. Sakin jiki da son shiga jama'a ya ɗaga maza da mata duka. Saurin damuwa da fargaba ya ja maza ƙasa, kyan sura kuma maza kaɗai ya ɗaga. Sauƙin kai da kirki bai ƙara wa kowa girma a waɗannan rukunai ba. Tsakanin maza, jerin waye sama waye ƙasa ya zauna tun da wuri. Na mata ya ɗauki lokaci kafin ya daidaita.

Ga yadda ake irin wannan awo, don a nan yawancin masu koyo ke tuntuɓe. A rukunin mutum 4, kowa zai ba sauran 3 maki a asirce kan tasiri da mutunci da jagoranci, ka ga an sami maki 12 ke nan. Makin da mutum ya ba kansa a gefe ake ajiye shi. Sai dai akwai mai sakin hannu da ke ba kowa 7 cikin 7, akwai mai tsauri da ba ya wuce 4. Idan ka tara su haka kawai, wanda ya faɗa cikin masu sakin hannu zai fito da girman da ba nasa ba. Shi ya sa ake amfani da lissafin da David Kenny ya tsara, wanda ke ware kason mai ba da maki, da kason wanda aka ba, da kason alaƙar da ke tsakanin su biyun kaɗai, kamar abota. Kason wanda aka ba shi ne girman da ake nema. Wani ramin kuma: mutum 4 da suka zauna tare ba shaidu 4 masu zaman kansu ba ne, maganar ɗaya ta shafi ta sauran. Dole lissafi ya san da rukuni, in ba haka ba sakamako zai yi ƙarfin da ba shi da shi.

A 2003 Keltner da Deborah Gruenfeld da Anderson suka fitar da nazarin da har yau ake kafa hujja da shi a fannin. Suka ce iko yana kunna wa mutum halin dosar abu: idonsa na kan riba, yana saurin yanke hukunci, yana faɗin abin da ke ransa. Rashin iko kuma yana kunna halin ja da baya: ido kan barazana, taka-tsantsan, haɗiye magana. A 2006 shi da Adam Galinsky suka nuna cewa mai jin yana da iko yana raina haɗari, yana ganin abin zai zo masa da kyau, don haka ya fi saurin kasada.

A shekarar ce kuma ya fitar da wani binciken da ba a cika ambata ba, alhali shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Jennifer Chatman, sun gano cewa mutane sun san matsayinsu a rukuni sosai, wasu ma ragewa suke yi. Wanda kuwa ya ɗauki kansa sama da inda rukuni ya ajiye shi, sai a riƙa gudunsa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga ɗakin gwajin 2009, aikinsa da ɗalibinsa Gavin Kilduff. Ɗalibai 4 da ba su san juna ba, teburi ɗaya, kyamara na ɗauka. Tun kafin su haɗu an riga an auna kowa kan halin son jan ragamar taro. Aka miƙa musu tambayoyin lissafi daga tsofaffin takardun GMAT, jarrabawar shiga karatun kasuwanci, aka ce su warware tare. An zaɓi lissafi da gangan: amsa ko daidai ce ko kuskure, ba batun ra'ayi, kuma akwai makin lissafin kowa na SAT, jarrabawar shiga jami'a a Amurka, da za a gwada da shi. Bayan sun tashi, kowa ya ba sauran maki kan iya lissafi. Masu son jan ragama suka kwashe maki mafi yawa. Aka ba wasu mutane na waje bidiyon, waɗanda ba ruwansu da rukunin, su ma suka ce waɗannan ne gwanaye. Da aka duba takarda, amsoshinsu ba su fi na kowa zama daidai ba, makinsu na SAT ma bai fi ba. Abin da suka yi kawai shi ne sun fi yawan magana, kuma su ke fara jefa amsa. A kashi 94 cikin 100 na tambayoyin, amsar da aka fara furtawa ita rukuni ya rubuta a matsayin amsarsa.

Wannan adadi ya daɗe yana damuna, kuma ya kamata ya dami duk mai jagorantar taro. Ba wanda aka tsorata a ɗakin nan, ba wanda aka yi wa tsawa. Mutane uku masu hankali ne suka ji amsa ta fito da murya mai natsuwa, suka ɗauka mai ita ya sani. Iyawa abu ne da ke ɓoye cikin kai, ido ba ya ganinsa, don haka rukuni yake kama alamar da ta fi kusa.

Daga nan hanya ta kai shi ga yarda da kai da ta wuce kima. Sai an yi hattara da kalma a nan, domin ba cika baki ake nufi ba, ba kuma ƙarya ba. Mai cika baki ya san inda ya ƙara gishiri. Wannan kuwa har zuciyarsa ya gaskata cewa ya iya. Don Moore da Paul Healy sun raba abin gida uku a 2008: ka ce ka ci 8 cikin 10 alhali 5 ka ci, ka ɗora kanka sama da sauran mutane alhali kana tsakiya, ko ka riƙe amsarka da tabbacin da bai kamace ta ba. Ba tare suke tafiya ba. Idan aiki ya yi wuya, mutane kan ƙara wa kansu maki amma su ɗauka wasu sun fi su. Idan ya yi sauƙi sai abin ya juye. Anderson ya kama na biyun, ɗora kai sama da wasu, tunda girma ma abu ne na waye ya fi wa.

Binciken 2012, shi da Sebastien Brion da Moore da Jessica Kennedy, gwaji 6 ne a jere. A na farko an ba kowa taswirar Arewacin Amurka wadda ba sunaye a kanta, ya nuna inda birane suke, sannan ya ƙiyasta matsayinsa cikin sauran. Duk wannan shi kaɗai, kafin ya ga abokin aikinsa. Tsarin nan na da muhimmanci: idan ka auna yarda da kai bayan an zauna tare, ba za ka san ko ita ta jawo girma ko girman da aka ba shi ne ya kumbura shi ba. Sannan aka haɗa su biyu-biyu su sake aikin. Waɗanda suka ɗora kansu sama da inda suke, abokansu sun ɗauke su gwanaye, sun kuma ba su girma.

Kuskuren da sababbin masu bincike suka fi faɗawa shi ne su ɗauki matsayin da mutum ya ba kansa, su debe wanda ya samu, su ce ragowar ita ce wuce kima. Lissafin na da rami. Wanda ya zo na ƙarshe ba inda zai yi kuskure sai sama, wanda ya zo na ɗaya kuma sai ƙasa, sai ka ƙare kana auna rashin iyawa kana kiransa yarda da kai. Gyaran shi ne a fara fitar da layin da ke nuna matsayin da mai maki kaza ya saba ba kansa, sannan a auna tazarar kowa daga layin.

Gwaji na biyu ya fita daga ɗaki ya shiga aji na gaske, ɗaliban babban digirin kasuwanci 242. A farkon zango aka ba su jerin sunayen mutane da abubuwan tarihi da littattafai, kowa ya nuna waɗanda ya sani. Cikin jerin akwai na gaskiya kamar Robespierre, akwai kuma na bogi da aka ƙirƙira, irin su Galileo Lovano. Wanda ya ce ya san abin da babu shi, ya nuna yana jin ya san fiye da abin da ya sani, kuma wannan awo ba ya buƙatar ra'ayin kowa. A ƙarshen zango, waɗanda suka fi ɗaukar sunayen bogi su ne suka fi girma a rukunansu. Da aka zauna kan bidiyo a wani gwajin, ana ƙirga abin da irin waɗannan mutane ke yi, sai aka ga ba cewa suke “na iya” ba. Sun fi yawan magana, muryarsu a tsaye kamar mai karanta abin da ya tabbata, suna fara ba da amsa, jikinsu a sake. Gwaje-gwajen ƙarshe kuma suka nuna cewa idan aka motsa wa mutum kwaɗayin girma, ƙiyasinsa game da kansa yana hawa.

A nan binciken 2006 ya dawo. Wanda ya ɗauki girman da ba a ba shi ba, rukuni na hukunta shi, domin kowa na ganin ya wuce gona da iri. Wanda ya ɗauki iyawar da ba shi da ita, rukuni na saka masa da girma, domin ba mai ganin cikin kansa. Na biyun ya sami abin da na farkon ya nema, ba tare da ya roƙa ba.

Masu suka sun ce ai ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da aka gane shi zai faɗo. Kennedy da Anderson da Moore suka gwada a 2013: suka bayyana wa rukuni makin kowa na gaskiya. Girman mai wuce kima ya ɗan ragu, amma bai faɗi ƙasa da na wanda makinsu ɗaya da bai nuna yarda da kai ba. Wasu masu bincike kuma sun samu akasin haka, cewa ana hukuntawa. Maimakon kowa ya tsaya kan bakansa, sai Elizabeth Tenney da Moore da Anderson da wasu suka haɗu, a 2019 suka fitar da abin da ya raba gardamar. Wanda ya furta da baki cewa ya tabbata, idan ya faɗi, ana riƙe shi da maganarsa. Wanda ya nuna tabbacin da murya da zama da kallo, ba kalmar da za a kama shi da ita, sai ya tsira. A 2021, tare da Joey Cheng, suka ƙara da cewa halin yana yaɗuwa: wanda ya yi aiki da mai wuce kima shi ma ƙiyasinsa na hawa, muddin yana ganinsa ɗan gida ne.

Shaida ba ta cika idan an ɓoye inda fannin ya yi rauni. Shekaru da dama hanyar da aka fi bi wajen “ba mutum iko” a ɗakin gwaji ita ce a ce ya rubuta labarin ranar da ya taɓa samun iko a kan wani. Tana da arha, minti kaɗan ce, amma mai rubutun na iya gane abin da ake nema ya yi shi, kuma tuna iko daban, riƙe albashin mutum daban. A 2015 aka sake gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, kashi 36 cikin 100 kacal suka sake fitowa. A 2016 wani sanannen sakamako, cewa iko na rage wa mutum ganin abu ta idon wani, bai fito ba da aka maimaita shi a wurare 20. Batun cewa tsayuwar isa na canza sinadaran jiki, wanda aka gina kan mutum 42 a 2010, ya rushe da aka gwada da mutum 200, kuma Dana Carney, abokiyar aikin Anderson a Haas wadda ta jagoranci binciken farko, ta fito fili a 2016 ta ce ba ta ƙara yarda da shi ba. Wannan jarumta ce. A ganina, ayyukan Anderson da suka dogara da rukunai na gaske, da makin abokan zama, da amsar da ake iya dubawa, sun fi tsayawa da ƙafarsu a kan waɗanda suka jingina da rubuta labarin iko, kuma mai karatu ya auna kowanne da wannan ma'auni.

Aikin da ya fi nuna haƙurinsa ya fito a 2020, shi da Daron Sharps da Christopher Soto da tsohon malaminsa John. An auna ɗabi'un mutum sama da 600, a kashi biyu, tun suna ɗalibai, aka koma musu bayan kimanin shekara 14 aka duba ikon da suka samu a wuraren aikinsu, a kashi na biyu har abokan aikinsu aka tambaya. Kafin su buɗe bayanan sun rubuta hasashensu da hanyar lissafi sun ajiye a bainar jama'a, don kada a ce sun zaɓi abin da ya yi musu daɗi. Masu son kai da faɗa da makirci ba su fi kowa samun iko ba. Tsoratarwa tana ɗaga su, rashin kyautata wa mutane yana sauke su, biyun suka cinye juna. Masu sakin jiki da jama'a ne suka yi gaba. Sai dai a lura da ɗaya gefen: mugun hali bai hana su hawa ba, suna isa kujera daidai da kowa, kuma ɓarnar mai mugun hali a kan kujera ta fi ta wanda ke ƙasa.

Iyakar duk wannan ita ce kusan dukkan waɗanda aka gwada ɗalibai ne da ma'aikata a Amurka, inda saurin magana gaban baƙo ba abin kunya ba ne. Girma kuwa an daɗe ana nazarinsa a ƙasar Hausa: M. G. Smith ya rubuta kan tsarin daraja a tsakanin Hausawa a 1959, Jerome Barkow kuma, wanda ya zauna cikin Hausawa da Maguzawa, ya fitar da nazarinsa kan neman girma a 1975. A inda yaro ba ya riga babba magana, kuma kunya da kawaici kansu alamun hankali ne, wanda ya fara jefa amsa yana iya jawo wa kansa raini, ko kuma amsar farko ta zama ta mai shekaru ko mai muƙami, ta wuce ba gardama.

Mai son gwada wannan a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ya buƙatar kayan tsada. A sami tambayoyi masu amsa guda tabbatacciya, daidai ƙarfin mahalarta, kada su yi sauƙi ainun ko wuya ainun, tunda wuyar aiki na karkata ƙiyasi. Kowa ya amsa shi kaɗai a rubuce, ya kuma faɗi na nawa yake jin zai zo. A raba su huɗu-huɗu da ƙuri'a, waɗanda ba su san juna ba, rabin rukunan sa'o'in juna, rabi a gauraya manya da ƙanana, a kuma yi na maza daban, na mata daban, da na haɗe. A ɗauki bidiyo da izininsu. Mutum biyu da ba su san makin kowa ba su ƙirga daƙiƙoƙin maganar kowa da wanda ya fara ba da amsa, kowanne shi kaɗai, sannan a duba ko ƙirgarsu ta zo ɗaya. In ta saɓa da yawa, a gyara ƙa'idar ƙirga a sake. Makin girma a bayar da shi a keɓe, a takardar da ba suna, domin ɗan ƙasar nan ba zai rage wa dattijo maki yana kallonsa ba. Rukuni 10 ba za su isa a ce komai ba, a nemi gommai. Sannan a ajiye amsoshin da kowa ya rubuta shi kaɗai kusa da amsar rukuni, a ƙirga sau nawa amsar daidai tana hannun wani a teburin amma ba ta fito daga bakinsa ba.